DAGA ZUCIYATA: Iya Babba, Manomiyar Da Ta Koya Mini Ma'anar So

Na ga wasiƙunku, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yawancinsu tambaya ɗaya kuke ta maimaita mini, wai "Anti, yaya mace za ta gane so na gaskiya?" To wannan watan ba zan amsa muku da labarin Alhaji mai Marsandi irin wanda muke rubutawa a littattafanmu ba. Labarin wata tsohuwa zan ba ku, manomiya, Kirista, wadda ta rasu a damunar da ta wuce tana da shekara sama da 80 a duniya. Yayar kakata ce uwa ɗaya uba ɗaya, mu jikoki Iya Babba muke ce mata.

Na san wata za ta dafe ƙirji ta ce, "Kirista kuma? A danginku?" E, ƙwarai kuwa. Asalin gidan su kakata Maguzawa ne, wato Hausawa masu bin al'adar gargajiya, a wani ƙauye cikin ƙasar Malumfashi. Lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntar da jama'a, tsakanin 1963 da 1965, kakata tana budurwa ta karɓi kalmar shahada, daga baya ta auri kakana, suka zauna a Funtuwa. Ita kuwa Iya Babba ta riga ta yi aure, kuma ita da maigidanta sun bi wani mai bishara da ke zuwa ƙauyensu a kan keke, har aka yi musu baftisma. Kun ji yadda 'ya'yan mace ɗaya suka rabu a addini, amma har mutuwa ba su rabu a zumunci ba.

Abu na farko da addininta ya raba ta da shi shi ne tukunyar giya. A wancan zamani dafa burkutu ita ce babbar sana'ar matan Maguzawa, da ita suke sayen zane da akuya. Ikilisiyarsu ta hana, sai Iya ta kife tukwanenta ba gardama, ta koma yin daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ribar ba ta kai ta da ba, amma ta ce ita ba za ta riƙe littafin Allah da hannun dama ta kuma ɗebo wa mijin wata abin da zai sa ya daki matarsa da hannun hagu ba.

Karatun boko ma da girmanta ta koya, da goyo a bayanta, a ajin manya da ake yi a majami'a da daddare da fitilar ƙwai. Burinta ɗaya, ta karanta Littafi Mai Tsarki da kanta, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa tun 1932, aikin da Likita Mila, Baturen mishan ɗin nan da ya zauna a Zariya, ya sa hannu a ciki. Nata littafin a naɗe yake cikin wani tsohon ɗankwali, kuma duk asubar fari sai ta buɗe shi kafin ta taɓa tsintsiya. Da wannan karatun ne ta shekara da shekaru tana karanta wa matan ƙauyen wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi cirani, Kirista da Musulmi da Bamaguje, ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba, ba ta kuma taɓa fitar da sirrin wata ba.

Aikin gona kuwa, wallahi in na faɗa muku sai ku ce ƙari nake yi. Da safe ta bi maigida gandu, da yamma ta koma gayaunarta, wato ɗan filin da mace ke nomawa don kanta, inda take shuka gyaɗa da wake da barkono da kuɓewa. Shuka, noman farko, maimai, girbi, sussuka, shiƙa, babu wanda ba ta iya ba, ga daka ga ɗiban ruwa ga itace. Rumbunta daban yake da na maigida. In kaka ta yi, dami ɗaya cikin kowane goma sai ta ware ta kai majami'a, kafin ma a ɗanɗana sabon hatsi. Ranar Lahadi kuma ko an kwana ana ruwan shuka, ko duk ƙauyen sun fita da sungumi, Iya ba ta taka gona ba. Ta kan ce wanda ya saukar da ruwan ya san ranar da ya saukar da shi.

Yanzu ku matso ku ji zancen soyayya, tunda shi kuka fi so. Maigidanta, Baba Tsoho, ya makance a ƙarshen rayuwarsa. 'Ya'yansu suka ce su dawo birni a huta, ta ce a'a, mutumin da ya rasa ido kada a raba shi da ƙanshin ƙasarsa. Kullum da safe sai ta riƙo masa sanda ta kai shi gindin ɗorawar da ke bakin gona, ta shimfiɗa masa buhu, ta ajiye masa goran kunu, ita kuma ta shiga kunya da fartanya tana noma suna hira daga nesa. Ni da idona na gani ina yarinya, lokacin da muke zuwa hutu. In dawa ta fitar da kai sai ta karyo zangarniya ɗaya ta sa masa a hannu, ya shafa, ya auna nauyinta, ya yi murmushi ya ce, "Bana kin fi ni noma." Ita kuma ta ce, "Ai gonarka ce, ni 'yar ƙodago ce." Sun haura shekara 50 tare, ban taɓa jin ta kira shi "rabin raina" ko "hasken idona" ba, amma ita ce ta zame masa hasken idon a zahiri.

Haka son da take wa ƙanwarta, shi ma a aikace yake. A farin 1973, lokacin da hatsi ya yi wuya a Arewa, kakata tana goyo, tukunya ba ta hawa murhu kullum. Iya Babba ta buɗe rumbunta ta loda wa jakuna biyu dawa ta aika mata, alhali ita ma da nata bakunan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, ɗan Iya na fari yana koyon kanikanci a Funtuwa. Kakata ta sa shi a ƙuryar ɗakinta ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, har ƙura ta lafa.

Mu kuma in mun je ƙauye, buta da tabarmar salla na nan a rataye dominmu. Kaza ba ta yanka mana da kanta, sai ta aika a kira maƙwabcinsu Musulmi. Da asuba ita ke tashina, "Ke kishiyata, tashi ki gai da Ubangijinki, ni na riga na gai da shi, kada barci ya cinye ki." Da azumi ta aiko da geron kunu, da Babbar Salla kakata ta aika mata da soyayyen nama, da Kirsimeti ita kuma ta rama da shinkafa da zabi.

Kada ku ɗauka wai addinin ne bai dame su ba. Ya dame su ƙwarai. Kowacce a cikinsu ta yi ta fatan 'yar uwarta ta dawo hanyarta, kuma sun sha yin musu har murya ta tashi, don Iya akwai kaifin harshe, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ranar da autarta ta zo ta ce za ta musulunta ta auri wani malamin makaranta, Iya ta yi kuka kamar ranta zai fita, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. A rana ta uku ta tashi ta sayar da buhunan gyaɗarta da tunkiya biyu, ta yi wa yarinyar gado da katifa da jeren kwanuka, ta ce, "'Yata ba za ta shiga gidan miji a raina ta ba." Ciwon yana ranta, amma bai hana ta zama uwa ba.

Da ta rasu mun je gaisuwa, mu da kakata. Matan Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan majami'arsu, sun cika tsakar gida da zanensu iri ɗaya, suna kaɗa tulu suna rera waƙoƙinsu da Hausa, kakata kuwa tana gefe a kan tabarma hawaye na bin kumatunta. Da muka dawo wata maƙwabciya ta tare ni wai me ya kai mu. Na ce mata zumunci ne ya kai mu. Malamai sun karantar da mu a Islamiyya cewa mahaifiyar Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta zo wurinta a Madina alhali ba Musulma ba ce, ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. Ni Musulma ce, ina kan addinina daram, hisabi kuma na Allah ne shi kaɗai. Amma dawar da ta rayar da mahaifiyata tana jaririya daga rumbun matar nan ta fito, in na manta da haka na zama butulu.

To ƙannena, ga amsar tambayarku. In saurayi ya zo yana zuba miki kalamai masu zaƙi kamar zuma, ki saurara, ba laifi, amma ki sa ido ki ga abin da hannunsa ke yi. Yaya yake da mahaifiyarsa? In ya yi alkawari yana cikawa? Yana tsoron Allah in ba kowa a wurin? Ke ma ki tambayi kanki, in yau wanda kike so ya rasa ido ko ya rasa dukiya, za ki iya riƙe masa sanda? Sannan ki koyi sana'a komai ƙanƙantarta, ki riƙe karatunki da kyau, domin da gayaunarta da ɗan karatunta Iya Babba ta taimaki miji da 'ya da 'yar uwa. Mace mai hannu wofi ko tana da so a zuci, ranar buƙata sai dai ta yi kuka.

Wadda kuma Allah ya bar wa kaka da rai, a birni take ko a ƙauye, don Allah wannan hutun ki je ki gaishe ta, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta yadda ta yi zaman aurenta. Za ki ji abin da babu shi a littattafanmu.

Allah ya ba iyalan Iya Babba haƙurin rashi, ya ƙara wa kakata lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ku kuma ya ba ku mazaje nagari, amin. Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.