Keken tsere ko na hawan dutse: wanne za ki saya wa yaro idan hanyarku tudu ce?

Tsadar kuɗin mota ta sa gidaje da yawa na tunanin saya wa yaro keke don zuwa makaranta. Idan garinku shimfiɗaɗɗe ne kamar Kano, kusan kowane keke zai yi. Amma idan kina gari mai tudu da gangara irin Jos, tsaya ki yi nazari kafin ki fitar da kuɗinki.

A wurin masu sayarwa za ki ga iri biyu. Keken tsere siririn taya gare shi, kansa a lanƙwashe, ba shi da nauyi, sau da yawa kilo 9 zuwa 11. Keken hawan dutse kuwa tayarsa mai kauri ce, kansa a miƙe, kuma mai araha yakan kai kilo 14 ko fiye. Yaro zai ce miki na tsere yake so, tunda ya fi gudu. A kan kwalta mai kyau, gaskiyarsa ce.

Sai dai a hawa mai tsanani, giya ta fi nauyi muhimmanci. Dubi faranti mai haƙora da ke jikin feda, da kuma na tayar baya. Idan na gaba ƙarami ne, na baya babba, tuƙi zai yi laushi. Keken hawan dutse yakan zo da haƙora 22 a gaba da 32 ko 34 a baya, wato feda ta zagaya sau ɗaya, taya ba ta cika zagaye ɗaya ba. Tsofaffin kekunan tsere na gwanjo kuwa sukan zo da 39 a gaba da 25 a baya, taya na yin zagaye ɗaya da rabi. Wannan aikin ƙato ne, ba na ɗan shekara 13 mai goye da jakar littattafai ba.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, nan ne damuwata. Yaron da ƙashinsa ke kan girma, idan kullum yana danna giya mai tauri, gwiwa ce ke biyan bashin. In ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huta, a kai shi a duba.

Sannan duk tudun da aka hau, sai an gangaro shi. Raunukan da suka fi tayar mana da hankali a asibiti na gangara ne. Taya mai kauri ta fi riƙe ƙasa a kan yashi, tsakuwa da ramuka, kuma kai miƙaƙƙe ya fi sauƙin kama birki ga ƙaramin hannu.

Shawarata: idan hanyar akwai burji ko ramuka, ko yaron sabon shiga ne, ɗauki na hawan dutse. Ki guji mai sifirin a tsakiya in mai araha ne, nauyi kawai yake ƙarawa. Na tsere sai ga babban yaro da ya ƙware, a kan kwalta, kuma a ce mai gyara ya sa masa babban faranti a baya.

Ranar saye, ki tafi da yaron. Ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ƙarfen sama bai taɓa shi ba. In ya zauna, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan idan feda na ƙasa. A gwada birkin gaba da na baya, a koya masa kama su tare, don damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi yana iya wuntsila shi.

Kuma ki ware kuɗin hular kwano tun kafin ciniki. Hannu in ya karye ana ɗorawa, kai kuwa ba a yi masa gwaji.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.