Ƙafa Muna Da Ita, Tsari Ne Babu: A Ba Tseren Keke Gurbi A Wasanninmu

Duk shekara idan makon wasanni ya zo, lissafin ɗaya ne: ƙwallon ƙafa tsakanin sassa, ɗan wasan raga, guje-guje na yini ɗaya, a raba kofi a watse. Ba ni da ja da ƙwallo, ni ma ina kallo har da ihu. Amma akwai wasan da ɗaliban makarantar nan da yawa suka riga suka yi rabin horonsa tun kafin su cike fom ɗin shiga, kuma ba wanda ya taɓa kiran su fili. Ina nufin tseren keke na dogon zango a kan hanyar daji. Ra'ayina shi ne ƙungiyar ɗalibai ta ba shi gurbi da kasafi tun daga zangon karatu mai zuwa, kuma ga dalilaina.

Bari mu fara da sanin wasan. Turawa na kiran kekensa keken hawan dutse: taya mai kauri, giya da yawa, birki mai kamawa. Ba a kan kwalta ake yin tseren ba, sai a kan burji, yashi, tsakuwa, kwari da tudu. Ya shiga wasannin Olamfik a 1996 a birnin Atlanta na Amurka. Nau'insa na dogon zango, a ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya, yana kamawa daga kilomita 60 zuwa 160 a yini ɗaya. Wanda ya fi suna a nahiyarmu shi ne Cape Epic na Afirka ta Kudu, da aka fara a 2004. Kwana 8 ake yi ana tafiya, kimanin kilomita 700, mutum biyu-biyu, kuma doka ce kada tazarar da ke tsakanin abokan tafiya ta wuce minti 2. Idan abokinka ya gaji, kai ma ka gaji ke nan.

To mene ne haɗinmu da wannan? Duk wanda ya fito daga Rimawa, ko Goronyo, ko Wurno, ko Rabah, ya san amsar. A can yaro yana koyon keke ne ta cikin firam, tun ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi ba. Kafin ya gama sakandare ya saba ɗora buhun albasa ko tafarnuwa a kan kariya, ya fito da shi daga fadama, ya ratsa yashi, ya hau gangare, a kan keke mai giya ɗaya wanda shi kansa kaya ne. Ya san inda tsidau yake, ya iya faci a gindin bishiya, ya iya mayar da sarƙa da hannu ɗaya. Abin da 'yan tseren wasu ƙasashe ke biyan kuɗi su koya, shi talauci da nisan gona suka koya masa kyauta.

Wani zai ce, "Ina duwatsun suke a Sakkwato?" Ai sunan ne ke ruɗar mutane. Abin da tseren ke bukata shi ne ƙasa mai canzawa, wadda za ta gwada numfashi da dabara. Kwarin gulbin Rima na da wannan. Akwai fadama mai laka wadda ke bushewa ta tsattsage da rani, akwai yashin da ke shanye ƙarfin ƙafa, akwai tuddai masu marmara da tsakuwa a gefen kwarin, irin wanda garin Wurno ke zaune a kansa. Ga madatsar ruwa ta Goronyo, da aka gama ginawa a 1984, wadda bangonta ya haura kilomita 12, ga hanyoyin magudanan noman rani a ƙasanta. Hanyar da za ta ratsa ƙasar da ke da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno da mahaifar Sardauna a Rabah ba za ta rasa abin nuna wa baƙo ba.

Sai dai a nan ne nake son 'yan yankinmu su saurare ni da kyau, don mun fi kowa cika baki a kan ƙarfin ƙafa. Ƙarfi daban, horo daban. Mai ɗaukar buhu yana tsayawa duk inda ya ga inuwa. Ɗan tsere zai yi awa 4 ko 5 a kan sirdi ba tsayawa, kuma yawancin masu faɗuwa ba ragwaye ba ne, waɗanda suka ƙone ƙarfinsu ne a awar farko don a ga sun yi gaba. Masu horar da 'yan dogon zango sun daɗe da gane cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisaye ya kamata a yi shi a hankali, da gudun da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya katse maka magana ba. Sauran kason ne na matsawa: ka samu tudu, ka hau shi da ƙarfi na 'yan mintoci, ka sauko ka huta, ka maimaita. Fita uku ko huɗu a mako sun isa ɗalibi, ɗaya daga ciki doguwa ranar Asabar. Ƙarin nisa kuma kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 a mako, tare da ranar hutu wadda ba a taɓa keke. Jiki a lokacin hutu da barci yake ginuwa. Wanda ya kwana yana danna waya har ƙarfe biyu ya fito atisaye da asuba, wahala kawai ya saya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: tseren kilomita 60 na son shirin wata uku aƙalla.

Babban abokin hamayyarmu a nan rana ce. A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, kuma mai tuƙa keke a irin wannan yanayi na iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya a awa. Don haka lokacin tsere shi ne Disamba zuwa farkon Fabrairu, a tashi da sassafe a gama kafin rana ta take. Ruwa kuma a riƙa kurɓa tun ba a ji ƙishi mai tsanani ba, kamar leda ɗaya ta fiya wata zuwa ɗaya da rabi a kowace awa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa idan tafiyar ta yi tsawo. Idan ka ga abokinka ya fara surutai marasa kan gado, ko yana tangaɗi, to ba gajiya ba ce, zafi ne ya buge shi. A sauke shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a nufi asibiti. Wannan abu na kisa, ba wurin nuna jarumta ba ne. Da azumi kuwa a sassauta, a mayar da fita gajeriya bayan an sha ruwa.

Ciki ma na da nasa lissafin. Makamashin da jiki ke tarawa don aiki mai ƙarfi ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga nan, in ba ka ci komai ba, ƙafa za ta mutu, ido ya yi duhu. Ƙa'idar ita ce gram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko zaƙi a kowace awa. Ba sai mun sayi abin leda daga waje ba. Ayaba biyu, ko dabino cikin tafin hannu, ko mazarƙwaila, ko kunun zaƙi a gora, duk sun biya. Fura da nono kuma bayan an sauka.

Abu ɗaya da ba za a lamunta ba shi ne ƙwaya. Mun san yadda tiramadol ya shiga cikin matasa masu aikin ƙarfi da sunan maganin gajiya. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta shi a gasa tun 2019, saboda yana kawo jiri da raguwar hankali ga mutumin da ke gudu a kan taya biyu. Ƙungiyar da za mu kafa ta rubuta wannan a dokarta ta farko. Wanda aka kama, ya ajiye lambarsa ya tafi.

Yanzu ga masu ja da ni, kuma suna da hujja. Na farko kuɗi. Gaskiya ne, kekunan ƙwararru na cin miliyoyin naira. Amma wa ya ce da su ake farawa? Adrien Niyonshuti na Ruwanda, wanda ya rasa 'yan'uwansa a kisan ƙare dangi na 1994, da tsohon keke ya fara, ya kai ga riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na Landan a 2012, inda ya yi tseren keken hawan dutse. A 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya ta kan titi, karo na farko a Afirka. Mu kuwa a Olamfik na Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga wasu daga cikin gasanninta. Ƙasar da ba ta gina wasa daga ƙasa ba haka take wayar gari. Kekunan gwanjo masu giya sun cika kasuwa. A yi rukuni biyu, na masu giya da na masu giya ɗaya, yadda mai tsohon Phoenix ɗin babansa zai yi tsere da tsaransa. Abin da ba za a yi rangwame a kansa ba shi ne hular kwano da birki mai aiki.

Na biyu, kuma mafi nauyi, tsaro. Ba wanda ya fito daga gabashin Sakkwato da ke bukatar a ba shi labari. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo, an kashe mutane sama da 40, kuma har yanzu akwai hanyoyin da ba a bi da yamma. Ban ce a kwashi ɗalibai a shiga da su daji ba, duk wanda ya ce haka bai san darajar rai ba. A fara a cikin makaranta da kewayenta, a kan da'irar kilomita 4 ko 5 wadda za a zagaya sau da yawa, kowane lungu da mai tsaro da ruwa. A ƙasashen da suka ci gaba a wasan ma ana yin tseren awa 6 ko 12 a kan da'ira ɗaya, a ƙirga wanda ya fi yawan zagaye. Ranar da jami'an tsaro da hakimai suka tabbatar hanya ta yi kyau, sai a kai tseren kwarin Rima da shiri a hannu. Ina son wannan rana ta zo, don ya ishe mu a ce ba a ambaton Rimawa da Goronyo a rediyo sai an yi rashi.

Na uku raini. Akwai masu cewa, "Haba, ina HND in hau keke? Mi za a ce?" Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur ya ninka fiye da sau uku, mun ga ma'aikata masu iyali sun jingine mashin sun koma keke, ba abin da ya ragu a jikinsu sai tumbi. Kuɗin da kake ba ɗan acaba a samista ɗaya, ka zauna ka lissafa. Mata ma kada a bar su a baya da sunan ba a saba ba. A yi musu rukuninsu da lokacinsu a cikin makaranta, da suturar da ta dace, a gani ko ba za su fito ba.

Kuma kada mu manta mu 'yan kwalejin fasaha ne. Wannan wasa aikin hannu ne daga farko har ƙarshe. 'Yan kanikanci su buɗe rumfar gyara, su koyi ɗaura ƙafar keke da saita giya wurin masu gyaran keke na cikin gari, waɗanda suka fi mu sani nesa ba kusa ba. 'Yan safiyo su auna hanya su zana taswira. 'Yan kwamfuta su haɗa manhajar ƙirga zagaye da lokaci. 'Yan aikin jarida su ɗauki rahoto, 'yan kasuwanci su nemo masu ɗaukar nauyi. Furojet nawa ake rubutawa duk shekara a jibge a kanta ƙura ta rufe? Ga wanda za a gani da ido.

Don haka ga abin da nake nema daga shugabannin ƙungiyarmu, musamman daraktan wasanni. A buɗe rajistar masu sha'awa a makon farko na dawowa. Kowa ya biya ta asibitin makaranta a duba hawan jini da numfashi da rukunin jini kafin ya fara, domin mai sikila ko asma na bukatar shawarar likita. A sayi hulunan kwano, famfo da kayan faci na haɗaka, abin da bai kai kuɗin rigunan ƙungiyar ƙwallo ɗaya ba. A sa fitar Asabar ta zama ta dindindin. A tsayar da ranar tseren farko cikin sanyi, a sanar tun da wata uku.

Ku kuma 'yan Rimawa, Goronyo, Wurno da Rabah, hutun nan idan kun je gida ku duba bayan rumbu. Keken nan da aka jingine, a sa masa mai a sarƙa, a canza robar birki, a ɗora shi a kan mota a taho da shi. Idan mutum ashirin suka bayyana da kekunansu a ƙofar ofishin ƙungiya ranar Asabar ta farko, ba shugaban da zai ce babu masu so.