Intanet a motar da ta zama gida: Sauri ba shi ne abin fara dubawa ba

A Amurka akwai mutane da dama da suka bar gidan haya suka koma zama a manyan motoci masu ɗaki, kicin da banɗaki. Tun bayan annobar korona ta 2020, da yawansu daga cikin motar suke aikin ofis. Ga irin waɗannan, yankewar intanet na iya zama yankewar albashi.

Shi ya sa zaɓen rauta, wato na'urar da ke kamo intanet ta rarraba wa waya da kwamfuta, ba ƙaramin abu ba ne. A ganina masu saye da yawa suna ruɗuwa da saurin da aka rubuta a jikin kwali. Wannan sauri na wurin da sabis ya cika ne, alhali mai irin wannan mota yakan kwana a daji ko a hamadar Arizona.

Abin fara dubawa shi ne layi nawa na'urar ke ɗauka. Manyan kamfanonin sadarwa a Amurka uku ne: Verizon, AT&T da T-Mobile, kuma babu wanda sabis ɗinsa ya kai ko'ina. Rauta mai layi biyu, irin wadda Peplink da Teltonika ke ƙerawa, tana komawa kan layi na biyu da kanta idan na farko ya ɗauke. Duk wanda ya saba riƙe waya mai layi biyu ya san amfanin haka.

Na biyu shi ne eriya. Jikin mota na ƙarfe yana tare sigina, don haka na'urar da ba ta da wurin jona eriyar kan rufi za ta riƙa wahala a ciki. A kuma tabbatar tana kama ƙananan zangon sigina, kamar 600 MHz na T-Mobile da 700 MHz na Verizon, domin su ne ke tafiya nesa da turken sabis.

Na uku wuta. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ajiye kimanin wat 1,200 na awa ɗaya. Rautar da ke cin wat 10 za ta kai kwana biyar a kansa. Na'urar da ke cin wat 75 kuwa awa 16 za ta yi, ga firji da fitilu suna jiran rabonsu.

Wani zai ce ai Starlink ya raba gardama. Gaskiya ne tun 2022 kamfanin ya fito da tsari na musamman don masu irin waɗannan motoci, kuma yana aiki inda babu turke ko ɗaya. Amma farantinsa yana buƙatar sararin sama a buɗe. Wanda ya faka a ƙarƙashin bishiya don neman inuwa zai ga intanet yana yankewa. Ƙaramin samfurinsa, Starlink Mini, da ya fito a 2024, ya rage cin wuta, amma bai magance matsalar bishiya ba.

Sai kuma a karanta sharuɗɗan data da kyau. Tsarin da ake cewa ba shi da iyaka sau da yawa ana rage masa sauri bayan an ci wani adadi.

Shawarata ita ce mutum ya fara lissafa wuraren da zai riƙa kwana, ya duba taswirar sabis ɗin kowane kamfani, sannan ya je kasuwa. Rauta mai layi biyu da eriyar waje ta ishi mai bin manyan hanyoyi. Mai shiga lungu ya ƙara da Starlink, ya kuma ƙara batir.