Rangwamen Kantin Birni Ba Ya Isowa Sabon Birni

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tsoma baki cikin zancen kantunan sauƙi da ya cika gari. Jigawa ta buɗe Kantin Sauƙi a 2024, Katsina ta biyo da Rumbun Sauƙi a 2025, mu ma a Sakkwato gwamnati ta sayar da shinkafa da rangwamen kashi 55 cikin ɗari a 2024. Mutanen birni kuma suna ta gardama a kan inda cefane ya fi araha, ko manyan kantuna masu sanyi da keken zuba kaya, ko kasuwa. Ni daga gabashin Sakkwato nake rubutu, ƙasar Gobir, inda babu irin wannan kanti ko guda. Namu shi ne kasuwar mako, da mai tebur, da shagon bakin hanya. Abin da nake so masu mulki su ji shi ne, a Sabon Birni da Isa talaka yana sayen abinci da tsada fiye da ma'aikacin birni, kuma abin da yake samu ya fi muni. Duk wani shirin sauƙi da bai fara daga nan ba, mai ƙoshi ake ƙara wa tuwo.

Bari in faɗi yadda ake gina farashi a wajenmu. Katan ɗin taliya ko buhun sukari yana tasowa daga Kasuwar Singa ta Kano ko daga hannun dilolin Sakkwato, ya biyo ta Achida da Goronyo kafin ya iso mu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Wannan kowa ya sha shi. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne kuɗin tsoro. Direban da ya san a watan Disamba 2021 an tare mota a kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, ba zai ɗauko kaya a kuɗin da yake kaiwa Bodinga ko Tambuwal ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ga shingaye a hanya, ga jiran rakiya, ga ranakun da ba mai fita sam. Mutanen Isa sun fi mu shan wuya: lokacin da gwamnati ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa a watan Satumba 2021, sai da kaya suka riƙa zagaye mai nisa. A wannan watan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, ɗan kasuwa ba ya iya tambayar farashin birni, ba ya iya tura kuɗi, sai ya sa farashin da zai kare shi daga asara ko ta halin ƙaƙa. Duk waɗannan kuɗaɗe a kan matar da ta zo sayen sukarin naira ɗari suke sauka.

Kayan kamfani ke nan. Hatsi ya fi ciwo, domin ba baƙonmu ba ne. Fadamun Bunsuru da Gagare da Rima sun ciyar da mutane tun Alkalawa tana babban birnin Gobir, tun zamanin Babari da Bawa Jan Gwarzo, lokacin da fatake ke sauka a kasuwarta. Har bayan faɗuwarta a 1808 ƙasar ba ta daina ba da gero da dawa da wake ba. Yau manomi a ƙauyuka da yawa sai ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Wanda ya kasa ya gudo cikin gari ko ya tsallaka zuwa yankin Maraɗi. Bayan kisan da aka yi a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da maƙwabtansu a watan Mayu 2020, inda aka rasa mutum sama da saba'in, gonaki da yawa sun koma saura. Kasuwannin ma ba su tsira ba: an afka wa ta Unguwar Lalle da ta Goronyo a watan Oktoba 2021. Mutumin da a da yake cika rumbu biyu ya ba maƙwabci rance, shi ne yanzu yake tsaye gaban mai awo yana taya rabin tiya. Masu saye sun ƙaru, masu kawowa sun ragu. Ba a buƙatar digiri kafin a san inda farashi zai nufa.

A da in abu ya yi ƙaranci a nan, iyakar Nijar ce mafitarmu, domin Bangi da Madawa da Gidan Runji sun fi Sakkwato kusa da wasunmu, kuma dangi ne. An rufe iyakar a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har Maris 2024, sannan a Oktoba 2024 Nijar da kanta ta hana fitar da hatsi. Ta gaba an toshe, ta baya ba lafiya.

Yanzu ga maganar inganci, wadda ita ce ba a cika yi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wajenmu abin ya wuce nan, domin mai tsadar ma ba ta ado. Kayan da birni ya ƙi, ƙauye ake turo wa. Madarar gari da taliya da lemun kwalba da wa'adinsu ya kusa cika ko ya wuce, sai ka gan su a kasuwar mako an jera, wani sa'in an goge kwanan watan. Mai saye ba ya karanta boko, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba, shi ma sara ya yi da sauƙi. Na taɓa shiga wani babban kanti a Sakkwato na ga an ware gefe guda an rubuta rangwame, da na duba gindin gwangwanayen sai na tarar saura musu kaɗan su mutu. Wannan aƙalla a rubuce yake, mai ido zai gani ya zaɓa. Abin tambaya shi ne ina ragowar da ba a saya ba take zuwa. Mu mun san amsa.

Manyan kantunan ma ba waliyyai ba ne. A watan Fabrairu 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe kantin Sahad na Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta daban, wanda ake karɓa wajen biya daban. To amma dubi bambancin: a Abuja akwai hukumar da za ta zo ta garƙame ƙofa, a kasuwar Gatawa ko Turba wa zai zo? A ƙasashen Turai kantunan araha irin su Aldi da Lidl suna rage farashi ne ta hanyar taƙaita nau'in kaya da saye da yawa kai tsaye, ga hanya lafiya, ga wutar da ba ta ɗaukewa. A nan babu ko ɗaya cikin waɗannan, don haka wanda zai karya farashi ɗaya daga biyu yake yi: ko ya rage mudu, ko ya yi algus.

Kuma ana yi, kada mu ɗora wa na nesa laifin duka, domin masu yi 'yan uwanmu ne, sahu ɗaya muke salla. Akwai mai buge gindin kwano. Akwai mai tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta sayarwa. Akwai mai zuba yashi da tsakuwa cikin gero, sai uwargida ta rege ta ga abin da aka sayar mata da kuɗin hatsi. Akwai mai sa manyan albasa a bakin buhu, ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya. Akwai mai juye shinkafa daga buhu zuwa buhu don a ɗauka ta waje ce. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wake. Ana zuba masa maganin ƙwari irin Sniper don kada ya yi gunda, alhali hukumar NAFDAC ta hana sa shi a abinci, kuma saboda wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya tun 2015. Waken da Bature ya ƙi, shi muke yi wa yara ƙosai da alala. Haka ayaba da mangwaro da ake nunarwa da kabaid. Tumatur kuwa, in damina ta shiga ko tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta faɗa gonaki kamar yadda ta yi a 2016, mai ƙaramin ƙarfi fasasshe yake saye, wanda ya fara tsami, a ce ai wuta za ta kashe komai. A maƙwabtanmu Shinkafi da Zurmi, binciken da likitocin MSF suka yi a watan Yuni 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Gulbi ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci.

Ban raina shinkafar rangwame ba, Allah ya saka wa wanda ya yi tunaninta. Sai dai a duba wa aka auna wa rigar. Gwamnatin tarayya ta sayar da buhu mai kilo 50 a naira 40,000 a 2024, sai ka kawo lambar NIN. Wanda zai iya fitar da dubu arba'in a tashi ɗaya mai albashi ne ko ɗan kasuwa. Gwauruwar da ke zaune a kangon makaranta da marayu, wadda ta baro takardunta a ƙauyen da aka ƙona, da gwangwani take awo, kullum ta Allah. Sannan shinkafa ba ita ce cimarmu ba. Bagobiri da gero yake rayuwa, fura da rana, tuwo da dare, kunu da safe. In aka kawo buhun shinkafa mai araha inda ba mai iya sayen buhu, masu kuɗi ne za su tattara sunayen mutane su saye, washegari a gan ta a kasuwa da farashinta na da. In kuma aka tara jama'a wuri ɗaya a rana ɗaya, mun ga abin da ya faru a Legas a Fabrairu 2024, inda mutane suka mutu a turmutsutsun sayen shinkafar kwastan. A nan taron jama'a yana da wani haɗarin ban da turmutsutsu.

Maƙwabtanmu na Nijar, duk da talaucinsu, sun fi mu gane wannan. Hukumarsu ta OPVN tana sayen hatsi ta ajiye, in rumbuna sun yi ƙasa a bazara da tsakiyar damina ta fito da gero da dawa da masara ta sayar da rangwame. Ba cewa nake babu kuka a can ba, akwai, amma abincin da ake ci ake kawowa, a lokacin da yunwa take cizo.

Akwai kuma ɗaya gefen da mutanen birni ba sa son ji. Bayan an ɗage harajin shigo da abinci a 2024, farashin hatsi ya faɗo a 2025, birni ya yi murna. Manomin da ya sayi taki da tsada, ya biya haraji a daji, ya yi noma yana waige, shi ya tarar kuɗin buhunsa bai mayar da abin da ya kashe ba. Irin wannan araha in ta ɗore, baɗi ba mai noma. Albasa ma haka take yi mana kowace shekara: a lokacin cira ta yi banza har ta ruɓe a rudu, a ƙarshen shekara kuma ta gagari kowa, kamar ƙarshen 2024 da buhu ya haura naira 200,000. Ba ƙarancin noma ba ne kaɗai, rashin wurin ajiya ne.

Don haka roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa: in za a buɗe kantin sauƙi, kada a gina shi da tayil a kusa da gidan gwamnati. A kawo shi rumfa a kasuwannin mako, a sayar da tiya da rabin tiya, a sa gero da dawa a gaba, a saya daga hannun manomanmu da kaka a farashin da ba zai karya su ba. A samar da kwanon awo guda mai hatimi a hannun sarkin kasuwa, duk wanda yake shakka ya je a sake auna masa a gaban jama'a, wannan ko sisin Abuja ba ya buƙata. Duba-gari su dawo aikinsu, su riƙa juya gwangwani suna karanta kwanan wata. Malamanmu kuma su ƙara matsa wa tauye mudu a huɗuba. Amma duk wannan rabin magani ne muddin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni da ta Isa zuwa Shinkafi ba su zama hanyoyin da direba zai bi ba tare da ya bar wasiyya ba. In har za a iya sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya a kashe shi, kamar yadda aka yi a 2024, mai ɗauko buhun gishiri wane ne?

Kai kuma Edita, jaridu suna buga farashin kasuwar Dawanau da na Singa kamar su ne farashin Arewa duka. Ka turo wakilinka da kwanon awo guda a jaka. Ya auni gero a Sakkwato, ya auna a Goronyo, ya auna a Sabon Birni da Isa a mako ɗaya, ya rege kowanne ya auna tsakuwar da ta fita, sannan ku buga mana lissafin.



Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Sabon Birni, Jihar Sakkwato.