Arhar Injin Yankan Katako: Mu Daina Biya da Yatsun 'Ya'yanmu

'Yan uwa mazauna Lafiya da kewaye, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a cikinmu wadda ya kamata mu yi magana a kanta tun kafin ta ƙara cin yatsu. Mutum zai so ya riƙa haɗa benci, kanta ko ƙofar kaji a gidansa, sai ya tafi neman injin yankan katako mai tebur. Tambayarsa guda ce: wanne ya fi arha? Daga nan sai a kai shi wurin mai walda, a ɗaure faifan zarto a jikin giranda, a kafa ta a ƙarƙashin falanki, a ce masa ga inji. Mu dai muna cewa tarko ne aka kafa a tsakar gida.

Ƙaramar giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, alhali injin teburi na gaskiya mai faifan inci 10 yana juyawa kusan sau 4,000. Ko a wannan gudun, haƙoran faifan suna tafiyar kusan kilomita 190 a awa, gudun da direba mai hankali ba zai yi ba a hanyar Akwanga. Idan katako ɗanye ne, kamar yawancin melinar da ake sayarwa, yakan matse bayan faifan, sai haƙoran su ɗaga shi su wurgo wa mai aiki a ciki ko a fuska, hannu kuma ya zarce kan zarto. A Amurka, inda injinan suke zuwa da kariya, hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 30,000 ke jin rauni a faifan irin wannan inji duk shekara, kusan 4,000 daga ciki sukan rasa yatsa. To ina ga namu da ba murfi, ba makunni a kusa, ga yara suna wasa a gefe?

Mun san abin da za a ce: rayuwa ta yi tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma naira ta faɗi, kayan waje sun yi tashin gwauron zabi. Amma Bahaushe ya ce arha ba ta ado. Kuɗin ɗinki da magani da watannin zaman gida sun ninka rarar da aka samu, yatsan da ya fita kuwa ba a sayo shi a Kasuwar Zamani.

Masu rububin na gwanjo su ma su saurara. Injin da aka ƙera don Amurka na wuta mai ƙarfin 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka jona shi kai tsaye, ya ƙone a take. Sannan yawancin injinan teburi suna cin wat 1,500 zuwa 2,000, kuma lokacin tashi suna jan fiye da haka. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke shi ba. Duk da tashar wuta ta Akurba da aka buɗe a 2022, wa zai dogara da wutar NEPA kaɗai? Don haka a haɗa da kuɗin janareta cikin lissafi.

Wanda ya dage sai ya saya, ya duba abu huɗu kafin ya tambayi farashi. Akwai siririn ƙarfen da ke tsaye a bayan faifai, mai hana katako matse shi? Akwai murfin faifai? Madogarar da katako ke bi tana kulluwa daram, daidai da faifan, ko tana rawa? Makunnin kashewa yana inda hannu ko gwiwa zai kai nan take? Idan ɗaya ya ɓace, a bar wa mai kaya kayansa, ko da an rubuta Makita ko Bosch a jiki, domin jabu sun cika kasuwa. Sandar tura katako kuwa guntun falanki ne, ba ta buƙatar ko kwabo.

Mafi yawanmu ma ba mu buƙatar injin. Wanda zai haɗa teburi biyu a shekara ya kai katakonsa wurin masu inji a kasuwar katako, a tsaga masa bisa awo, ya ƙarasa da zarton hannu. Matasa masu son sana'ar su yi adashi su sayi nagari guda ɗaya, maimakon tarkace biyar.

Kira na musamman ga iyayen gida kafintoci: ku daina cire murfi don wai yana rage sauri, kuma kada ku tsayar da yaron da bai ƙware ba a gaban faifai. Amana iyayensa suka ba ku, da yatsu goma suka kawo shi, da goma ya kamata ya koma gida.