Rarar Ƙarfin Gini Ba Ribar Ɗan Kwangila Ba Ce

Da zarar damina ta kankama a ƙasashen Kurmi, labarin da ake fargabar ji a unguwannin 'yan Arewa, tun daga Agege da Idi Araba a Ikko har Sabo ta Badun, shi ne bene ya rushe a wuri kaza, ko kuwa rami ya rufta da masu haƙa. In an sami gawa a yi mata sutura, a aika gida da ta'aziyya, a ce kwana ya ƙare. Lalle babu mai wuce ranarsa. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana a tambayi wanda ya rage siminti ba, kuma wannan tambaya ce ya kamata leburori da masu gadi su san yadda ake yin ta, tun da su ne ke ƙarƙashin bene sa'ad da ya tashi faɗuwa.

Fataken da, in jaki yana iya ɗaukar kaya kaza, ba su ɗora masa iyakar ƙarfinsa, domin sun san akwai hawa a gaba, akwai rafi, akwai ranar da ba zai sami harawa ba. Haka injiniya yake yi. Ba ya tsara ginshiƙi daidai wa daida da nauyin da zai ɗauka, sai ya bar rarar ƙarfi. A ƙa'idar Ingila ta 1985, wadda injiniyoyin ƙasar nan suka daɗe suna aiki da ita, a kan kowane tan 100 na nauyin ginin kansa akan lissafa 140, a kan kowane tan 100 na mutane da kayan da za su shiga akan lissafa 160. Sa'an nan ba a yarda da ƙarfin kankare duka ba, sai a raba shi da 1.5. Ƙasar da harsashi zai zauna a kanta kuwa, bisa al'ada kashi ɗaya cikin uku na abin da za ta iya jurewa ake ɗora mata. Dalili shi ne babu wanda ya san cikin ƙasa sarai, yashi yakan zo da laka, siminti yakan kwana a sito ya sha raɓa, mai kwaɓi yakan ƙara ruwa don aiki ya yi masa sauƙi. Saboda waɗannan aka ajiye rarar.

To, a nan ne azzaluman 'yan kwangila suka sami ƙofa. Wanda ya rage buhu ɗaya a kwaɓi ya ga gini bai faɗi ba, sai ya ɗauka injiniya ɓarna yake yi. Gobe ya sa siririn rodi inda aka ce a sa mai kauri. Jibi ya sa a cire katakon tokare tun kankare bai ƙosa ba, alhali kwana 28 ake ba shi kafin a auna cikakken ƙarfinsa. Daga ƙarshe ya ƙara hawa biyu a kan harsashin da ba a yi shi dominsu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin wani abu daga rarar, gini kuwa yana nan tsaye, har an yi masa fenti, babu mai gane cewa ba sauran komai a ajiye sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Ikko ta ga wannan ba sau ɗaya ba. A watan Satumba na 2014 masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun ya rushe, mutum 116 suka mutu, kuma mai binciken da ya saurari shaidu ya tabbatar a 2015 cewa ginin ba shi da takardar izini. A watan Maris na 2016 wani bene da ake ginawa a Lekki ya faɗi da tsakar dare bayan ruwan sama, ya kashe fiye da mutum 30, ga shi gwamnatin jihar ta ce an wuce adadin hawan da ta amince a yi. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya zube a titin Gerrard da ke Ikoyi, fiye da mutum 40 suka halaka, har da mai ginin kansa. Abin takaici, tun a 2020 kamfanin injiniyoyin da ke lura da aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa. Takardar ta zauna a ofis, masu ɗaukar kwanon kankare ba su san da ita ba.

Sha'anin rami ya ma fi shafar 'yan Arewa, domin haƙan rijiya da salga da harsashi sana'a ce da suka yi fice a kanta a biranen Kudu. Ita ma gaɓar rami, ko gangaren tudu, da lissafinta: ana gwada ƙarfin da ke riƙe ƙasa da ƙarfin da ke jan ta ƙasa. Gangaren da za a bari dindindin akan so mai riƙewa ya fi mai ja da rabi, watau 1.5. In suka zo daidai, to, ƙasa tana jiran a taka ta kawai. Ruwa shi ne babban abokin gaba, yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana kuma sassauta riƙon da take yi wa kanta, shi ya sa ramin da ya tsaya cak wata uku da rani yakan rufta cikin dare ɗaya da damina. Mutanen Nanka da Agulu a Jihar Anambra, waɗanda kwazazzabo ya cinye musu gonaki da gidaje, sun san haka sarai. Mahaƙin da ya saba da jar ƙasa da marmara a gida, inda bangon rijiya kan tsaya ba tallafi, in ya kawo wannan sabo cikin rairayi da fadamar Lekki ya shiga hatsari, domin rairayi ba ya tsayawa a miƙe. Ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, takan kai nauyin buhun siminti 30. Ko iya ƙirji ta binne mutum, numfashi sai ya gagara. A Amurka doka ce, ramin da ya kai ƙafa biyar sai an tokare bangonsa ko an kwantar da gaɓarsa, ƙasar da aka haƙo kuma a nisanta ta da baki aƙalla ƙafa biyu. Kuɗin katakon tokare nawa ne a cikin kwangilar miliyoyin naira?

Hukumomi da dokoki ba su ne aka rasa ba. Hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN tana nan tun 1970, an fito da ƙa'idar gine-gine ta ƙasa a 2006, ga kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Abin da ya rage shi ne wakilan jama'a a majalisun jihohi su matsa a hukunta duk jami'in da ya rufe gini da safe ya buɗe shi da yamma, kuma a wajabta cewa in injiniya ya janye daga aiki, a tsayar da aikin nan take, a liƙa sanarwa a ƙofa inda lebura zai gani.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin leburori su ma da nasu aikin. Su hana yaransu kwana a kangon da ake kan zuba masa kankare, ko da kyauta aka ba su wurin. Su hana su shiga ramin da ya wuce tsayin ƙirji ba tokare, musamman washegarin ruwa. Sa'an nan su dage kowane ɗan kwangila ya riƙa rubuta sunan duk wanda ya ɗauka aiki, da garinsu, kowace safiya, kwafi guda ya zauna a fadar Sarkin Hausawan unguwar, domin wanda ba a rubuta sunansa ba, in gini ya danne shi, magadansa ba su da abin da za su nuna wa kotu.