Ga Zaƙi Ga Harbi

Tun da ciwon sukari ya yawaita, likitoci suka dage wajen hana mutane shan zaƙi, sai masu kamfanoni suka cika kantuna da alewa da cingam waɗanda aka rubuta wa "ba sukari". Jama'a kuwa suka ɗauka sun sami sarari, suna sha ba awo. To, a nan ne muke so mu ja kunnen masu karatunmu.

Abin da ke ba wa irin wannan alewa zaƙi wasu sinadarai ne, kamar su sobitol da maltitol da manitol. Amfaninsu a fili yake, gama ba sa ɓata haƙori kamar sukari. Amma ƙaramin hanji ba ya iya shanye su duka. Ragowar sai ta jawo ruwa cikin hanji, ta gangara babban hanji, inda ƙananan ƙwayoyin da ke zaune can za su ruɓar da ita, iska ta taru. Daga nan sai kumburin ciki, da murɗa, da zawo. Giram 10 na sobitol ya isa ya kumbura cikin wasu, giram 20 kuwa ya kan kai ga gudawa. Yaro ba ya bukatar ko kusa da wannan.

Kada a ɗauka abin wasa ne. A shekarar 2008 likitocin birnin Balin na Jamus suka ba da labarin wata mace da ta rame da kilo 11, da wani namiji da ya rame da kilo 22, saboda zawo mai naci. An yi ta bincike ba a ga cuta ba, ashe cingam da alewa ne. Da suka bari, cikinsu ya lafa.

Saboda haka ne dokar Tarayyar Turai ta ce duk abincin da aka zuba wa waɗannan sinadarai fiye da kashi 10 cikin 100, lalle a rubuta gargaɗi a jikin fakitinsa. Amma ina amfanin gargaɗi ga wanda ya sayi alewa ɗai-ɗai a tebur, bai ga fakiti ba? Wanda ya gani ma, sau da yawa da Turanci aka rubuta.

Wannan nauyi yana kan wuyan masu ilmi. Malami ya faɗa wa almajiransa, akawu ya karanta wa mutanen gidansa abin da ke jikin fakiti. Mai ciwon sukari ya sani maltitol ma yana ɗaga sukarin jini, ko da bai kai sukari ba. Wanda kuma zawo ya ƙi sakinsa, in ya je asibiti ya gaya wa likita irin alewar da yake sha. Ba mu ce a daina ba, mun ce a sha kaɗan. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.